Tukunya mai ton 28 da kiren mai ton 100: gwajin kwamfuta ya cancanci kuɗinsa?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ƙaramin injiniya ne a wurin ginin wata masana'antar sarrafa shinkafa a kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa. Nan da mako shida za mu ɗora tukunyar tururi mai nauyin ton 28 a kan dandamalinta. Katangar ɗakin ta riga ta tashi, don haka kiren, wato motar ɗaga kaya masu nauyi, daga waje zai tsaya, kimanin mita 13 daga inda za a ajiye ta, ga kuma layin wuta na 33kV ta gabas. Masu ba da hayar kiren sun ce mai ton 100 ya ishe mu har da rara. Wani kuma ya ba mu shawara mu biya a kwaikwayi aikin a kwamfuta tukuna. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, wasan yara ne. Don Allah mene ne gaskiyar abin? Yana da amfani, ko ado ne kawai?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na ji daɗi da ka kawo tambayar da lambobinta, domin yawancin masu tambaya sunan kiren kawai suke kawowa. Abin da ka tambaya a fili shi ne ko gwada ɗaga kaya a kwamfuta kafin ranar aiki ya cancanci a kashe masa kuɗi. Amma akwai wata magana a cikin wasiƙarka da ta fi tayar mini da hankali, wato cewar da aka yi kiren mai ton 100 ya ishe ku har da rara. Da ita zan fara. Na haura shekara 20 ina tsara irin wannan aiki, mafi yawa tsakanin Bauchi da Gombe, kuma ban taɓa jin jimlar da ta fi wannan jefa mutane cikin hatsari ba.

Ton 100 ɗin a ina yake?

Cika bokiti da ruwa ka riƙe shi jikin cinyarka, za ka iya tafiya da shi har masallaci. Miƙe hannunka da shi gaba, ka ga ko za ka yi minti guda. Nauyin ruwan bai ƙaru ba, nisansa daga jikinka ne ya ƙaru. Haka kiren yake. Abin da ke neman kifar da shi shi ne nauyin kaya a ninka da tazarar da ke tsakanin tsakiyar majuyin kiren da ƙugiya. Ton 100 da aka rubuta a jikinsa ƙarfinsa ne idan kayan suna kusa da shi ƙwarai, kamar mita 3, hannun a gajarce, an kuma ɗora masa dukkan nauyin bayansa, wato ƙarafan da ake jibga masa a baya don kada kaya su rinjaye shi. Babu wanda yake aiki a mita 3. Kowane kiren yana zuwa da jadawalin nauyi daga kamfanin da ya ƙera shi, kuma a yawancin masu taya na wannan aji, idan ka kai mita 12 ƙarfin ya sauko wajen ton 25, a mita 20 kuwa da ƙyar ya wuce 12.

Sannan tukunyarku ba ton 28 ce kiren zai ji ba. Ƙugiyar kanta tana da nauyi, igiyoyin ƙarfe da maɗaurai suna da nauyi, in za a sa sandar da ke raba igiyoyi ita ma ta shiga lissafi. Ka ɗauka ton 30. To ka ga a mita 13 kun riga kun wuce abin da jadawalin zai yarda da shi, tun ba a zo batun rara ba. Ga kuma ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi: duk ɗagawar da ta haura kashi 75 cikin 100 na ƙarfin kiren a wannan tazara, ko wadda za a haɗa kiren biyu a kan kaya ɗaya, ana lissafa ta cikin masu hatsari, sai da rubutaccen tsari na musamman. Idan kana so ka zauna ƙasa da wannan iyaka da ton 30, kana bukatar kiren da jadawalinsa ya nuna ton 40 a inda za a sauke tukunyar.

Wannan lissafin ba ya bukatar kwamfuta. Ka ce su turo maka jadawalin ainihin kiren da za su kawo, da sunansa da samfurinsa, da yawan nauyin bayan da zai zo da shi. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Sau da yawa kiren yana isowa daga Abuja ko Kano ko Fatakwal, tirelar da ke ɗauke da sauran nauyin bayansa kuwa ba a turo ta ba don a rage kuɗin hanya, sai a ce maka ai wanda ke jikinsa ya isa. Jadawalin cikakken nauyi daban, na rabin nauyi daban.

Abin da ake kira gwajin kwamfuta

Wanda ya taso a ƙauye ya san yadda ake ɗora jinka. Ba a taɓa ta sai an share hanya, an duba reshen da zai iya kama ta, an san inda kowa zai tsaya da wanda zai riƙa ba da murya. Wani dattijo ma yakan taka hanyar da ƙafarsa tukuna, hannu a sama, yana auna inda za ta bi. Gwajin kwamfuta wannan takun ne, sai dai jinkar a nan ton 30 ce, kuma ba ka da damar ajiye ta a tsakiyar hanya ka sake shawara.

Sai dai abubuwa iri-iri ne ake sayarwa da wannan suna, kuma a nan ake cin kuɗin mutane. Akwai zane na takarda, wanda ke nuna kiren daga sama da daga gefe, a inda zai ɗauka da inda zai sauke. Yana da kyau, da shi muka yi shekaru, amma wuri biyu kawai yake nuna maka, abin da ke faruwa tsakaninsu kuwa sai dai ka ƙiyasta. Akwai kuma bidiyo, wanda wani zai zauna ya haɗa, kiren yana juyawa sumul, tukunya tana sauka kamar auduga. Idan wannan aka kawo wa maigidanka, to yana da gaskiya, ado ne. Bidiyo ba ya ƙin abin da mai haɗa shi ya ce, ko da ton 60 ka rataya wa kiren mai ton 20 zai ɗaga maka.

Wanda nake magana a kai shi ne na uku. Ana gina filin aikin a cikin kwamfuta da tsawo da faɗi da tudu na gaskiya: katanga, ginshiƙai, bututu, turakun wuta, ramuka. A saka samfurin kiren tare da jadawalinsa na kamfani. Daga nan kai kake tuƙa shi. Ka ɗaga hannun, ka miƙa shi, ka juya, ka matsar da kiren ɗin gaba ɗaya mita biyu yamma. Duk motsin da ka yi, allon yana nuna maka tazarar ƙugiya, kashi nawa na ƙarfin kiren ka ci, nauyi nawa ke kan kowace ƙafa daga cikin ƙafafun ƙarfe huɗu da kiren ke miƙewa ya tsaya a kansu, da taki nawa ya rage tsakanin kaya da katanga ko tsakanin kaya da hannun kiren kansa. Ka wuce iyaka, ya yi ja. Kamfanin Liebherr yana da nasa, Crane Planner 2.0, na kiren ɗinsa. Akwai 3D Lift Plan da ake shiga ta intanet, mai ɗauke da jadawalan kamfanoni da dama. A manyan ayyuka akan haɗa da manhajar Navisworks ko Synchro, a ga yadda ginin zai kasance a ranar da za a yi ɗagawar, domin filin da yake sarari yau wata uku masu zuwa ya cika da ƙarafa. Akwai kuma na koyar da direbobi, mai kujera da sandunan tuƙi da alluna, irin na kamfanin CM Labs, amma wannan makaranta ce, ba shi kuke bukata ba.

Abin ya fi bunƙasa a inda ake ƙera masana'anta gunduwa-gunduwa a wani wuri, a kwaso a zo a harhaɗa, kamar ayyukan mai na lardin Alberta a Kanada, inda aiki ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan manyan ɗagawa. Mu ma abin yana tunkaro mu. Ga masana'antar siminti ta Ashaka da ke buƙatar sauya manyan sassa lokaci-lokaci, ga tashar wutar Dadin Kowa mai megawat 40 da filin masana'antun da ke kusa da ita, ga aikin man Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Duk wanda zai yi aiki a irin waɗannan wurare, rubutaccen tsarin ɗagawa za a fara tambayarsa.

Ranar da Baba ya ce a juya

Bari in ba ka labarin da ya sa na daina kallon abin a matsayin kayan ofis. Wata shekara muna da tanki dogo da za mu tsayar a wata masana'anta a jihar Bauchi, a cikin lungu tsakanin tsohon gini da layin bututu. Na yi zanena, na duba jadawali, komai ya zauna, ƙarfin da za mu ci bai kai kashi 70 ba. Saura kwana biyu na kira direban kiren da shugaban masu ɗauri da mai ba da sigina, muka zauna a kwantenar ofis, na buɗe kwamfuta ina nuna musu. Direban dattijo ne, duk Baba muke ce masa, bai yi boko mai nisa ba, amma ya fi ni shekaru a kan ƙarfe. Yana kallo bai ce komai ba, har na kai tankin inda zai sauka. Sai ya ce, "Injiniya, koma baya. Juya ni a hankali, amma ka nuna mini bayana, ba gabana ba."

Na juya hoton. Nauyin bayan kiren, wanda ke zagayawa ta ɗaya gefen idan hannu ya juya, yana gogar maƙalar bututun da kamar taki guda. Ni duk hankalina yana kan ƙugiya. Bututun kuwa na tururi ne, kuma masana'antar tana aiki. Muka matsar da kiren mita ɗaya da rabi, sai tazara ta ƙaru, ƙarfi ya haura kashi 80. Muka dawo. Shugaban masu ɗauri ya ce me zai hana tirela ta shigo da baya ta ɗaya ƙofar, yadda ba sai an yi dogon juyi ba? Muka gwada, ya yi. Cikin awa ɗaya muka yi kuskure huɗu, muka gyara huɗu, ba a ƙona ko lita ɗaya ta gas ba.

A ganina nan amfanin abin yake, kuma shi ya sa bidiyo ba ya maye gurbinsa. Zanen injiniya yare ne da injiniya kaɗai ke ji. Ka shimfiɗa shi gaban direba, zai gyaɗa kai don girmamawa, ya tafi da shakkarsa a ciki. Amma ka nuna masa kiren ɗinsa yana motsi, ka ba shi dama ya ce tsaya, koma, to abin da ya tara a shekara 30 zai fito. Saboda haka in za ku biya, ka sa sharaɗi cewa za a yi zama da direban da zai yi aikin da masu ɗaurinsa, ana juyawa suna gani. Wanda zai turo muku fayil daga Legas ya ce an gama, bai ba ku rabin abin da kuka saya ba.

Abin da kwamfuta ba ta sani ba

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kwamfuta abin da ka faɗa mata take gaskatawa. Ba ta taɓa taka filinku ba.

Na farko nauyi. Ton 28 ɗin daga ina ka samo shi? In daga takardar talla ne, kada ka yarda. Nemi zanen masu ƙerawa da takardar jigila, ka tambaya ko an lissafa da bulon da ke jure wuta da ake jerawa a ciki, da matakala da bawul da aka ɗaura daga baya. Ka kuma tabbata an zubar da ruwan gwaji, domin ana cika tukunya da ruwa a matsa don a ga ko tana yoyo, kuma kowace lita 1,000 ta ruwan da ya rage ton guda ce cur. Hanya mafi sauƙi ita ce a hau sikelin manyan motoci da tirelar, a auna da kaya, a cire nauyinta. Ka nemi kuma inda cibiyar nauyinta take, don tukunya ba ta cika daidaita a tsakiya ba, ɓangaren murhu ya fi nauyi. In ƙugiya ba ta tsaya daidai saman cibiyar ba, tana barin tirela za ta karkace ta yi lilo.

Igiyoyi ma suna da nasu lissafin da ake yawan rainawa. Igiya biyu riƙe da ton 30, in a miƙe suke tsaye, kowace ton 15 take ji. In sun buɗe har kusurwarsu da shimfiɗar kayan ta zama digiri 60, kowace ta koma ton 17 da ɗoriya. A digiri 45, ton 21. A digiri 30, kowace igiya ɗaya tana jin ton 30 cif. Masu ɗauri sukan gajarta igiya idan rufi ya matse su, kuma gajartawar ce ke kwantar da kusurwar.

Na biyu ƙasa, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a yankinku. Manhajar za ta gaya maka daidai nauyin da ke kan kowace ƙafa, amma ba za ta gaya maka ko ƙasar za ta ɗauka ba. Idan hannu ya juya ya bi ta saman ƙafa ɗaya, ƙafar nan tana iya ɗaukar fiye da rabin nauyin kiren da kaya gaba ɗaya. A ce ton 80 ne. Farantin ƙafar bai wuce santimita 60 kowane gefe ba, wato ana danna sama da ton 220 a kan kowace murabba'in mita. Ba ƙasar da za ta jure wannan. In gwaji ya nuna ƙasarku tana ɗaukar ton 20 a murabba'in mita, kuna bukatar shimfiɗa mai mita 2 kowane gefe a ƙarƙashin kowace ƙafa. In 10 take ɗauka, kusan mita 3 kowane gefe. Kuma shimfiɗar ta zama ta ƙarfe mai kauri ko katako mai nauyi da ba zai lanƙwashe ba, domin falle mai laushi a tsakiya kawai yake danna ƙasa, faɗinsa na banza ne.

Kwarin Gongola yana da baƙar ƙasar nan mai laka, wadda da rani take tsagewa ta yi tauri kamar dutse, ruwa ɗaya ya sauka ta kumbura ta zama taɓo. Duk direban da ya saba bin hanyar Gombe zuwa Numan ya san abin da take yi wa kwalta. Wurin da ka gwada a watan Maris ba shi ne wurin ba a watan Yuni. Ga kuma abin da ke ɓoye. Na taɓa yin aiki inda gwajin kwamfuta ya fito tsaf, kore ko'ina, ranar aiki muna fara ɗaukar nauyi sai ƙafar baya ta hagu ta soma nutsewa a hankali. Allah ya sa kayan ba su bar tirela da taki biyu ba, muka sauke. Da aka tona, tsohon ramin shara ne aka cike da ɓaraguzai aka lulluɓe da marmara. Wani maigadi da ya daɗe a wurin ya san da shi, ba wanda ya tambaye shi. Tun daga ranar, kafin in buɗe kwamfuta sai na zaga fili da wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ina tambayarsa ina aka taɓa haƙa rijiya, ina shadda, ina bututu ya bi, ina aka yi ciko. A wurinku ciko tabbas ne, tunda kusa da sabuwar katanga kiren zai tsaya, inda aka haƙa harsashi aka mayar da ƙasa. Ƙafar kiren ba ta zama a bakin harsashi.

Na uku iska. Yawancin jadawalan kiren mai taya an yi su ne bisa iskar da ba ta wuce kamar mita 9 a sakan ɗaya ba, wato wajen kilomita 32 a awa, kuma littafin kiren ɗin shi ke da magana ta ƙarshe. Ƙarfin bugun iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: gudu ya ninka biyu, bugu ya ninka huɗu. Kuma iskar da kake ji a ƙasa ba ita ce ke kan hannun kiren mita 30 a sama ba, shi ya sa ma'aunin iska a can ƙololuwa ake ɗaura shi. Tukunyarku dunƙulalliya ce, nauyi da yawa a jiki kaɗan, ita ƙasa ce abokiyar gabarta. Amma masana'antar shinkafa tana da rumbunan ƙarfe da hasumiyar busarwa da fallayen rufi, marasa nauyi masu faɗi, waɗanda kowa ke rainawa don ton 3 ne ko 4. Su iska ke ɗauka.

Ba mu bukatar a ba mu labarin abin da iska ke yi. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, guguwa ta kifar da wani babban kiren a Masallacin Harami na Makka, mutum 111 suka rasu, har da alhazanmu na Najeriya, Allah ya jiƙansu. Abin lura ga mai sana'a shi ne kiren ɗin ba kaya yake ɗagawa ba a lokacin. A ajiye yake, hannunsa a sama, kuma binciken hukumomin Saudiyya ya nuna ba a kwantar da hannun yadda littafin masu ƙera shi ya ce ba. A Milwaukee ta Amurka kuwa, ranar 14 ga Yuli 1999, an ci gaba da ɗaga wani ɓangaren rufin filin wasa mai sama da ton 400 cikin iska, kiren ya karye, ma'aikata uku suka mutu. Don haka tsarinku ya faɗi gudun iskar da za a tsaya a kai, ya kuma faɗi yadda za a bar kiren idan an tashi aiki. Ka san hadarin farkon damina a Gombe, yadda gabas ke haɗewa da la'asar, kafin ka naɗe tabarma iska ta iso. Kiren mai kaya a sama ba ya sauke su cikin minti biyar. Ni da sassafe nake ɗagawa, bayan an idar da asuba gari ya waye, kafin iska ta tashi.

Layin wutar kuwa maganarsa gajeriya ce. Ƙa'idar Amurka da yawancinmu ke aro ta ce kada wani ɓangare na kiren ko kaya ya matsa ƙasa da mita 3 daga layin da bai wuce 50kV ba, kuma wuta tana tsallake sarari, ba sai an taɓa ba. A saka layin a cikin gwajin da tsayinsa na gaskiya, a zana masa shinge. Mafi alheri dai ku je ofishin kamfanin rarraba wuta ku nemi a kashe layin na awannin aikin, a rubuce. Kada wani ya ce ai yau babu wuta. Ana iya dawo da ita ba sallama.

In ni ne a wurinka

Hanya uku nake gani, kuma gwajin kwamfuta shi zai raba muku gardama a kansu. Ta farko ku ɗauko babban kiren, ajin ton 200 ko sama, ya tsaya a waje ya miƙa. Ita ta fi sauƙin faɗa, ita ta fi tsada, domin kuɗin kawo shi da tirelolin nauyin bayansa daga nesa yakan yi gogayya da kuɗin aikin kansa, ga ƙasa da za a ƙara gyarawa saboda ya fi nauyi. Ta biyu ku rushe wani yanki na katangar, a gyara wurin tsayawa, mai ton 100 ya matso ya zama tsakaninsa da dandamalin bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Maigida ba zai so jin kalmar rushewa ba, amma ka lissafa masa kuɗin bulo da siminti na mita biyar na katanga, ka ajiye kusa da bambancin hayar kiren biyun. Ta uku kiren ya sauke tukunyar a bakin ƙofa kan dogayen ƙarafa, a ja ta ciki a kan bututun gangarawa da jak da abin ja mai sarƙa. Tsohuwar hanya ce, tana cin kwana biyu, amma kaya ba sa nisa da ƙasa, kuma sau da yawa ita nake zaɓa. In wani ya kawo shawarar haɗa ƙananan kiren biyu, ka ƙi, sai in babu makawa. Nauyi yana gudu daga ɗaya zuwa ɗaya da ɗan saɓanin motsi, shi ya sa ake rage wa kowanne aƙalla kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma aikin yana son direbobin da suka saba da juna.

Ga tsarin kashe kuɗin. Fara da abin da ba ya cin komai: jadawali, da tef a hannunka ka sake auna mita 13 ɗin nan, daga tsakiyar majuyin kiren zuwa tsakiyar dandamali, ba daga gefen mota ba. Sai sikeli. Sai mai gwajin ƙasa, ko daga sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko wani ɗakin gwaji mai rajista, ya duba daidai wurare huɗun da ƙafafu za su zauna. Bayan waɗannan sai gwajin kwamfuta. In kuɗin ba zai kai duka ba, gwajin kwamfuta za a bari, a yi zane da hannu a tsanake. Amma kafin ku biya wani na waje, tambayi masu hayar kiren, domin manyan cikinsu suna da manhajar kuma sukan haɗa da tsarin a cikin kuɗin haya. Ba kowace ɗagawa ke buƙatarsa ba, janareta mai ton 5 a fili fetal jadawali da ido sun ishe shi. Taku kuwa ta tara katanga da layin wuta da ciko da nauyin da ke bakin iyaka, ga shi tukunya ɗaya ce, in ta faɗi sai an yi watanni kafin wata ta iso ta ruwa.

Idan za ka koma wa maigidanka, kada ka fara da kwamfuta. Ce masa, "Ranka ya daɗe, ga jadawalin kiren ɗin da kansa, a mita 13 bai kai ton 30 ba." Ka bar shi ya gani da idonsa. Ka kuma tuna masa cewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ƙa'idojin kayan ɗagawa na 2018, kuma kiren da igiyoyinsa su zo da takardar shaidar dubawa mai rai, direba da tasa.

Ban taka filinku ba, ƙanena, don haka lambobin da na kawo na nuna hanya ne, jadawalin kiren ɗinku da rahoton mai gwajin ƙasa su ne hujja, kuma wanda zai sa hannu a tsarin dole ya zo ya gani. Ranar aiki mutum ɗaya ne zai ba da sigina, amma kowa, har lebura, yana da ikon cewa a tsaya. A ɗaga tukunyar taki ɗaya daga tirela a dakata minti biyar. Direba ya karanta nauyin da na'urarsa ta nuna, ka gwama da na takarda, mutum huɗu kuma suna durƙushe kowa yana kallon ƙafa ɗaya. In lambar ta haura abin da kuka saka a kwamfuta, ko wata shimfiɗa ta motsa, a sauke, a koma kwantena a sake zama. In ka samu jadawalin da rahoton ƙasar, turo mini mu duba tare.